Madubin Manyan Baƙi

Kai da ba ka taɓa leƙa makarantar ɗanka ba, ji abin da na ji a tasha, tsakanin wata mata da malamin kimiyya mai rungume da dogon bututu.

"Malam, bindiga ce wannan?"

"Madubin hangen taurari ne, Hajiya. Hukumar binciken sararin samaniya ta ba mu, don yara."

"Au! Akwai irinsa a makarantar 'yata, kulle a kabad. Hedimasta ya ce sai manyan baƙi sun zo."

"Da yaushe suke zuwa?"

"Da hantsi mana."

"To, wane tauraro za su gani?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska. "Kuma bana 'yar tawa za ta gama fa!"

Kai ma gobe ka je, ka ce a buɗe kabad ɗin nan.