Takardar da Ta Ɓuya a Akwatin Sojojin Desmond

Rabaran Whitlock, wanda ya shekara ashirin da huɗu yana ba mu aron wannan ɗakin taro. Shugaban ƙungiyarmu, Trevor Wardle. Uwargida Maureen Hallam, matar marigayi Desmond, da 'yarsu Bridget. 'Yan wasa na nan Beeston, da baƙinmu da suka taso daga Derby da Sheffield cikin wannan ruwan sama: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kun san ni, ba mai yawan magana ba ce. Shekara goma sha ɗaya ina zaune kusa da Desmond duk ranar gasa, ina karanto masa maki yana shigarwa a jadawalinsa na kwamfuta. Na tsaya nan yau ne saboda ya bar mini amana, kuma amanar ta shafi kofin bana. Tun rasuwarsa take mini nauyi. Amma ku bari in fara da mutumin.

Ya kasance mai tsari. Mu muna ganin ƙananan sojojin dalma da muke wasan yaƙi da su a kan tebur, da tsaunukan kwali, da tef ɗin awo, da dayis irin na ludo yana gangarawa ƙarƙashin kujera. Shi kuwa layuka yake gani. Kowane ɗan wasa da layinsa, kowane zagaye da gurbinsa. Shi ya koya wa jadawalin nan kada ya haɗa waɗanda suka zo cikin mota ɗaya a zagayen farko, wai ba a tuƙo mutum awa biyu don ya buga da wanda suke bugawa kullum. Akwai mutum biyu a ɗakin nan da ya shafa wa sunayensu ja don kada su taɓa haɗuwa a tebur ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ba. Ga su can suna dariya.

Ya kasance mai lura da mutane ba tare da ya nuna ba. Ban taɓa roƙonsa ba, amma tun shekarata ta biyu hutun shayi ya riƙa faɗowa daidai lokacin azahar. Da na yi masa godiya sai ya ce, "Ramla, ni ban san komai ba, jadawali ne."

Ya kasance mai alfahari da abu ɗaya tak: ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Duk gasa sai Trevor ya leƙo ta bayansa ya ce, "Des, yau kam kwamfutarka ta sha ta bugu." Shi kuma ko ɗago kai ba ya yi. "Lafiyarta ƙalau. Dawakanka ne suka ga bindiga suka tuna gida."

Ya kasance mai son wasan nan fiye da yawancinmu, amma ya haƙura da shi dominmu. Akwatin sojojinsa na ƙarƙashin tebur kullum. Ba ya buɗe shi sai in wani ya rasa abokin karawa, don kada mutum ya zauna yana kallon bango.

To, ga amanar.

A gasar watan Maris, ana shirin zagayen ƙarshe, aka kira abokin karawar Clive Tansley daga gida, ya tafi. Desmond ya nuna wa jadawalin cewa mutumin ba ya nan, shi kuwa jadawalin ya ba Clive maki goma, kamar yadda yake ba duk wanda bai sami abokin karawa ba. Sannan Desmond ya jawo akwatinsa ya ce, "Zo nan, Clive, in koya maka yaƙi." Clive ya yi masa kaca-kaca, ya ci maki sha bakwai cikin ashirin.

Kun san al'adarmu: wanda aka ci shi ke kawo takardar sakamako teburin maki. Ranar nan wanda aka ci shi ne mai teburin. Ya miƙe da takardar a hannu, jiri ya ɗebe shi, muka zaunar da shi muka ba shi ruwa. Ciwon ya riga ya fara, ba mu sani ba. Cikin tattara kaya takardar ta bi sojoji cikin akwati. Ni na karanta takardun da ke gabana, ban ƙirga su ba. Wannan rabona ne na laifin, ina kuma neman afuwa.

Trevor ya ɗauki kofi da tazarar maki huɗu tsakaninsa da Clive. Clive, na ga lokacin da ka dubi allo ka ga goma a gaban sunanka. Ka cire tabarau, ka goge, ka sake dubawa. Sai ka juya ka kalli Desmond a kujera yana haki, ka mayar da tabarau, ka tafa wa Trevor. Shekara ashirin da biyu kana zuwa gasar nan ba ka taɓa cin kofi ba, amma ba ka ce uffan ba.

A watan Yuni, yana kwance a gida, ya sa Maureen ta kawo masa akwatin zai raba sojojinsa. Nan takardar ta faɗo. Da rana tsaka ya sa aka kira ni. Na tarar da kwamfutar a kan cinyarsa. Da yatsa ɗaya ya goge goma ya sa sha bakwai. Layuka suka motsa, sunan Clive ya hau sama.

Na ce, "Desmond, a kira su biyun a gaya musu a hankali, ya wuce."

Ya ce, "A gaban mutum talatin na ba da kofin nan. A gabansu za a mayar. Taron Satumba, ni da bakina."

Bai kai Satumba ba.

Inda na taso, ba a tona kuskuren mamaci, alherinsa ake faɗa. Na yi mako uku ina jujjuya maganar, ina cewa yaya zan tsaya ranar tunawa da shi in rushe abu ɗayan da yake alfahari da shi. Daga ƙarshe na je wurin Maureen. Ta ajiye butar shayi ta dube ni ta ce, "Ke 'yar uwa, shekara arba'in da ɗaya ina jiran mutumin nan ya ce ya yi kuskure. Yanzu da ya faɗa za ki ɓoye?" Muka yi dariya, sannan muka yi kuka.

Na je wurin Trevor da takardar. Ya karanta sau biyu. Can ya ce, "Tsohon banza. Yana kabari ma sai ya ƙwace mini." Washegari shi da kansa ya kai kofin aka kankare sunansa.

Maureen, Bridget, mun san abin da kuka rasa ya fi abin da muka rasa nesa ba kusa ba. Mu mun rasa mai jadawali, ku kun rasa miji da uba. Amma ina so ku riƙe wannan: a kwanakin da numfashi ke yi masa wuya, abin da ya dame shi haƙƙin wani ne da ya maƙale a hannunsa. Ya zaɓi a ce ya yi kuskure da a ce ya tafi da shi.

Clive, ba mu gaya maka ba, domin haka ya so. Kofin yana cikin jakar da ke ƙarƙashin kujerar Trevor, da sunanka a jiki. Taso, don Allah. Maureen ce za ta miƙa maka a madadinsa. Ka ɗauki lokacinka, muna jira.

Na gode wa Rabaran, na gode wa waɗanda suka dafa shayi suka jera kujeru, na gode muku da kuka saurare ni.

Ya Allah, Ka sanyaya zuciyar Maureen da Bridget, Ka ba su haƙurin wannan rashi, kada Ka bar su cikin kaɗaici. Ka mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Mu kuma da muka rage, duk wanda ke riƙe da haƙƙin wani, da saninsa ko ba da saninsa ba, Ka nuna masa, Ka ba shi ƙarfin zuciyar mayarwa tun yana da numfashi. Amin.