Waƙar Sojan Rasha a Kar ɗin Akokan

Salamu alaikum Malama, barka da aiki a gidan rediyo. Ilya direba ne, daga Akokan.

Na yi shekaru ina kai ma'aikata bakin ramin uraniyom a kar, wato bas. Wani injiniya da ya yi karatu a Rasha ya ba ni kaset na mawaƙan sojansu. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma kullum da safe kar ɗin sai ta ɗauki amshi, kowa da harshensa. Abokina Agali har rawarsu ta tsugune yake gwadawa, mu yi ta dariya.

Jiya 'yata ta karanta mini tarihin mawaƙan a waya. Ashe jirgin sama ya taɓa faɗuwa da su, da yawa suka mutu, aka ɗauko wasu, waƙa ta ci gaba. Mu kuwa da aka rufe raminmu, kowa ya kama gabansa. Agali ya rasu, ba wanda ya maye gurbinsa.

Don Allah Malama, ki sa mana waƙar sojan Rashan nan. Duk wanda ya taɓa shiga kar ɗin Ilya, ya kira ya amsa waƙar. Ina so in san mu nawa muka rage.