Mazarƙwailar da Aka Yi Wanka da Ita

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida masu sauraro.

Ni ɗan Gazara ne, kuma ba wanda ya ɗaga ni. Da noman rake na fara, na sayi injin matse rake ina yin mazarƙwaila, na gina gida, yau ga ni da shago a Istanbul.

Abin da ya gagare ni a nan shi ne maƙwabta, kowa ƙofarsa a rufe. Na ce in ciwo ya kwantar da ni, wa zai leƙo? A garinmu baƙo ake kai wa abinci. Da na ga ba a kawo ba, sai na ɗauki mazarƙwaila na bi ƙofa-ƙofa.

Washegari wata tsohuwa maƙwabciyata ta tare ni tana murza hannu, wai sabuluna ba ya kumfa! Na karɓi mazarƙwailar, na gutsura na ci a gabanta. Ta yi dariya har da dafa bango. Yanzu in ta ji ni shiru, ita ke buga min ƙofa.

Sauran ƙofofin ma sai sun buɗe, insha Allahu. A rubuta sunana daidai: Sale Ɗanjuma, wanda ya kai mazarƙwailar Gazara Turkiyya.