Kek ɗin da Bai Tsage Ba

Jakar hannu ɗaya, kula ɗaya, ƙanƙara, da kek ɗin cuku mai laushi kamar auduga. Iyakar kayan budurwar ke nan. Da motar hayar da ta shiga ta tsaya a tasha, sai ta buɗe kular don ta duba shi. Dattijuwar da ke gefenta ta leƙo.

"'Yata, mangwaron da kika jera a saman nan, tsagewa kike ɓoyewa ko? Mun san dabarar."

"Duba ƙarƙashinsa, Mama."

Budurwar ta ɗaga yankan mangwaro ɗaya. Sumul.

"Ikon Allah! Nawa kullum sai ya dare kamar dunduniyar manomi. Me kika yi masa?"

"Farantin ruwan zafi na sa a ƙasansa cikin obin lokacin gashi."

"Ruwa kawai? Ni da na daina gasawa tun ranar da surukaina suka yi mini dariya!"

"Ni ma yayata ce ta ce in wannan ya tsage, in koma aikin ofis. Wurinta za ni."

"To kwashe mangwaron duka, ta gani da idonta!"

Direba ya rufo ƙofa.

"Ofis kam," in ji budurwar, "na bar shi."