Malam Juya da Ramukan Ƙanƙara

Mai girma shugaban jami'a, shugabar sashenmu, malamai da 'yan'uwa ɗalibai; Mama, uwargidan marigayi, da ke Anti, babbar 'yarsa, da sauran dangi: ina miƙa muku gaisuwar mai faɗin baki da ƙarancin ilimi. An zaɓe ni in yi jawabi ne saboda ba na rasa kalma. Marigayi da kansa ya raɗa mini suna Ƙamus, kuma ba yabo yake nufi ba.

Ya kasance malaminmu a ɗakin nan mai taga ɗaya da fanka mai kuka, inda muke nazarin hotunan da kumbo ke aikowa yana zagaya duniyar Mars. Ya kasance mutumin da zai ƙura wa ƙanƙarar ƙuryar kudancin wannan duniya ido rabin awa, shayinsa na hucewa, sannan ya ce, "Ban gane ba tukuna." Ya kasance ba ya furta komai a kan hoto sai ya juya shi, samansa ya koma ƙasa. Muka sa masa suna Malam Juya. Na ce "muka" ne don in samu abokan laifi. Ni na sa.

Bara na hango wasu fararen da'irori a kan ƙanƙarar, jere kamar maɓallan riga. Na rantse tuddai ne. Na cika shafi sittin, na kira su "maɗaukakan kumburarrun tuddai masu ban al'ajabi", na kai masa ya sa hannu in kammala digirina.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙamus, rana tana ina?"

"A sama, Malam, inda aka saba ganinta."

"A hoton nan nake nufi, sarkin surutu. Je ka juya shi, ka dawo."

Ban juya ba. Na zauna na tsara wa shugabar sashe wasiƙa da zaɓaɓɓun kalmomi, cewa tsufa ya ci idon Malam, a canza mini mai duba aiki. Wasiƙar ta shiga fayil ɗinsa. Ya karanta ta, na sani. Washegari ya janyo mini kujera kusa da tasa kamar kullum.

Makon da aka kwantar da shi asibiti, fankar nan ta hure hoton daga kan tebur, ya faɗi a juye. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ga tuddaina sun nutse. Ramuka ne, jama'a, wuraren da ƙanƙarar ta zama tururi ta tashi. Idon mutum ya saba haske ya zo daga sama. A hoton kuwa rana ta ƙasa ta hasko, inuwa ta mayar mini da rami tudu. Abin da yake so in gani ke nan, da idona, ba da bakinsa ba.

Anti, sau biyu kika kira ni kika ce, "Baba na tambayar Ƙamus." Na ce ina tafe. Gaskiyar ita ce ina rubuta jawabin neman gafara, ina gogewa, ina neman kalmar da ta kai girmansa. Kwana tara ina nema. A na goma kika kira karo na uku, da labarin rasuwarsa. Kalma biyu kawai yake jira, "Na juya," kuma duk Ƙamus bai same su ba.

Shugabar sashe, ina roƙo a gaban kowa: a cire wasiƙar nan daga fayil ɗinsa. Idan doka ta hana, a maƙala mata wannan jawabi, duk wanda ya karanta waccan ya karanta wannan. Mama, na ji ya taɓa tambayarki ko da gaske ganinsa ya ragu. Bai ragu ba, Mama. Ki yafe mini a madadinsa, idan za ki iya.

Hoton ƙanƙarar nan da aka rataya can kusa da nasa, an rataya shi ne yadda na miƙa shi a kundina. Ina neman izininku, in na sauka, in je in juya shi.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Malam, ya ba iyalansa haƙuri, ya cika makwancinsa da haske ta kowace fuska, yadda ba za a bar masa inuwa ko ɗaya ba. Amin.