Masu dubiya sun zo kallon ƙirjina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Talatu daga Kutemeshi.

Bayan girbin masara aka yi mini aikin cutar dajin mama a Zariya. Ƙullutun kawai likita ya cire, ya bar mini nonona. Da na dawo gida, mata suka yi ta zuwa dubiya, baki yana "Ya jiki?" ido yana kan ƙirjina, don a garinmu an ɗauka duk wadda ta kai nono asibiti sai an yanke shi.

Maƙwabciyata Inna Ladi ce ta kasa haƙuri. Ta same ni ina hawa bango da yatsu, yadda nas ta koya mini don kada kafaɗata ta ƙage, ta ce, "Talatu, tsakaninki da Allah, tsumma kika cusa?"

Dariya ta kusa ɓalle mini ɗinki. Na tura ƙofa, na ɗaga riga na nuna mata tabon, bai kai ɗan yatsa tsawo ba.

Sai ta kama hannuna ta ɗora a nata nonon. Ashe akwai ƙullutu, tun damina take ɓoye shi don tsoron wuƙa.

Ranar da zan koma ganin likita, mota ɗaya muka shiga. Yanzu an yi mata aiki, ita ma an bar mata nata.

Ina gaida maigidana da ya koyi tuƙa tuwo, duk da gudaji. Inna Ladi kuma, ki dawo lafiya, na rage miki gefen bango.