Takalmin Birkin da Na Sa wa Dauda

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance da ku duka. Sunana Bitrus, bakanike ne ni a nan Dutsin-Ma. Ba cutar jiki Allah ya warkar da ni ba, cutar zuciya ce, sunanta hassada.

Ni da Dauda ƙauyenmu ɗaya a Kudancin Zariya, mota ɗaya ta kawo mu garin nan, tun ba a yanka jihar Katsina ba. Na koyi gyaran mota, shi ya koyi tuƙi. Ana nan sai Allah ya buɗa masa, ya sayi akori-kura sabuwa fil, fara tas, yana jigilar hatsi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi.

Ranar da fasto ya yi wa motar addu'a a ƙofar majami'a, kowa ya ce amin. Ni ma na ce, amma baki ne kawai. Duk sanda na ji hon ɗinta sai in kau da kai. Ina cewa, me ya fi ni? Ni kullum a ƙarƙashin motar wasu, shi kuwa har Alhazai na kiransa Malam Dauda!

Wata Alhamis ya kawo ta gareji. Ya ce, "Ɗan'uwa, birkina ya yi sanyi. Sai na taka har ƙasa kafin ta tsaya."

Na duba man birki, yana nan cike. Na bi tiyo, ba ya yoyo. Na fitar da iskar da ke cikin tiyon, duk da haka birkin ba ya kamawa. Da na kwance tayoyi sai ga takalmin birki, wato fatar da ke damƙe ƙafar mota, ya cinye har ƙarfe.

Iri biyu gare ni a shago. Akwai na kamfani, mai jure zafi, ba ya ƙara. Akwai na araha, wanda da ya ɗau zafi sai ya koma santsi kamar sabulu. Dauda ya ce, "Sa mini mai kyan, ka san kaya nake ɗauka." Ya tafi cin abinci.

Na sa masa na arahar.

Ba riba nake nema ba, 'yan'uwa. So nake motar ta riƙa kuka a tasha ana yi masa dariya. So nake ya ɗanɗana ɓacin rai ko sau ɗaya. Abin da Shaiɗan ya nuna mini ke nan, ya ɓoye mini sauran.

Ranar Asabar da hantsi na leƙa gida, ban tarar da matata Rifkatu ba. Maƙwabciyarmu ta ce, "Ai ta bi zumuntar mata na majami'a, sun tafi gaisuwar rasuwa garin Rawayau. Motar da suka shirya ta lalace, Dauda ne ya kwashe su."

Wayyo! Mata sama da goma, da nauyinsu, a kan birkin da na sani!

Na durƙusa nan tsakar gida. Na ce, "Ya Yesu, ni ne mai laifi. Ɗan'uwana bai yi mini komai ba sai alheri. Ka riƙe motar nan da hannunka, ni kuwa zan faɗi gaskiya ko za a kore ni daga garin nan." Ban taɓa kiran zunubina da sunansa ba sai ranar.

Na ɗauki takalmin birki na kamfanin da sifana, na ari babur, na bi su.

Bayan Kurfi kaɗan, a wata gangara, na hango motar ta saki hanya ta cusa kai cikin yashi. Shanu sun cika hanya, ƙaurin birki ya cika wurin. Matan suna tsaye suna waƙar yabo suna kuka. Wani dattijon Bafulatani, mai shanun, sai cewa yake, "Allah ya tsare, Allah ya tsare." Ko ƙwarzane babu wadda ta yi. Haleluya!

Dauda ya tare ni da gudu ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka. Na taka, na taka, ba komai!"

A gaban matan nan, a gaban matata, na ce, "Ni ne, Dauda. Na araha na sa maka, da gangan. Baƙin cikin motarka nake yi."

Waƙa ta tsaya. Rifkatu ta rufe fuska da gyale. Dauda ya dube ni, ya juya mini baya. Na kwanta cikin yashi na canza takalmin, aka turo motar kan hanya, ya kwashi matan suka wuce.

Wata biyu ko gaisuwata ba ya amsawa. Fasto ya dakatar da ni daga cin Jibin Ubangiji, kuma na cancanta. Amma kullum ina yi wa Dauda addu'a. Da fari kamar ina haɗiyar maɗaci, daga baya na ji da gaske nake so ya ci gaba.

Wata safiya sai ga shi a gareji. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Duba mini birkin baya. Zan je kasuwa, sai azahar." Ya juya ya tafi, bai ko tsaya ya ga abin da zan sa ba.

Na shiga ƙarƙashin motar na yi kuka kamar yaro.

Na gode wa Allah da ya tsare rayukan nan, ya kuma cire mini wannan ƙaya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in arzikin wani yana hana ka sakewa, kada ka jira sai ka kai gangara. Kai wa Yesu yau, ya isa. Amin.